Safiyo da Ƙafar Kuloci

Duk wanda ya san Safiyo ya san motarsa, har ma akwai waɗanda suka san motar a layin ba su san mai ita ba. Doguwa ce mai ƙofa huɗu, ruwan toka mai duhu, ta ɗan kwanta ƙasa kamar kyanwar da ta hango ɓera. Injinta silinda shida ne, kujerunta na fata, gabanta an yi masa ado da katako mai sheƙi. A zamaninta motar manya ce, amma manyan da jininsu bai gama sanyi ba, masu son in sun taka totur su ji kujera ta tokare musu baya. Yanzu shekarunta ashirin da bakwai, goma sha takwas daga ciki a hannun Safiyo ta yi su.

Sunan aikinsa ne ya bi shi. Shekara talatin da biyu ya yi yana awon ƙasa, yana kafa turaku inda hanya za ta bi, har ya yi ritaya ba wanda ya koma kiransa da wani suna. A wurin aikin ya fara ganin motar, a hannun wani injiniyan kamfanin hanya. Rana ɗaya mutumin ya rage masa hanya, tafiyar da ba ta kai minti ashirin ba, amma Safiyo ya sauka da ƙugin injin nan a kunnensa, bai kuma rabu da shi ba. Da injiniyan ya tashi komawa ƙasarsu bayan shekara biyu, Safiyo ne mutum na farko da ya tsaya a ƙofar ofishinsa.

Matarsa, wadda kowa ke kira Malama saboda koyarwa take yi a firamare, takan gaya wa baƙi cewa ita kam mijinta giya ce ta ɗauke masa hankali. Sai ta bari baƙon ya rasa inda zai sa idonsa tukuna, sannan ta ce giyar mota take nufi, guda biyar, ban da ta baya. 'Yarsu ta ƙarshe kuwa, Auta, tun tana ƙarama ta laƙaba wa motar suna Yaya, wai tunda ta girme ta da shekara biyu, kuma ita ake fara yi wa wanka ranar Asabar.

Aƙidar Safiyo game da motar guda ɗaya ce: yadda masu ita suka ƙera ta, haka za ta zauna, ba ƙari ba ragi. Rediyonta na kaset ne, ya daɗe da daina jan kaset, amma bai yarda an taɓa shi ba. Da madubin gefe ya fashe, wata huɗu ya yi yana leƙe ta taga yana jiran a samo masa na asali, alhali ga na kwaikwayo jibge a kasuwa. Baƙin mai kuwa ba ya bari ya yi baƙi. Yana da kwanakinsa, ko motar ta yi tafiya ko ba ta yi ba. Wannan hali ne ya haɗa shi da makanikensa, shi ne kuma ya raba su ya fi a ƙirga. Dogo ake kiran makaniken, ko da yake in an ɗaga bonet sai ya yi ɗage kafin hannunsa ya kamo shi. Sa'annin juna ne, bakinsu kuma ɗaya wajen kaifi. Dogo yakan ce da a ce marasa lafiya na samun rabin kulawar da motar nan ke samu, da likitoci sun koma noma. Safiyo kan amsa masa da cewa da tsohuwar zuma ake magani, sai Dogo ya ce ai shi bai taɓa ganin zuma mai ɗigar da mai a ƙasan garejinsa ba. Su rabu baram-baram, bayan mako biyu ka tarar da su kai da kai a kan injin suna sauraron wata ƙara da ba mai jin ta sai su.

Abin da Safiyo ya fi rainawa a duniya shi ne mota otomatik, wadda take canza giya da kanta. Yakan ce wannan ba tuƙi ba ne, zaman kujera ne. Tuƙi a wurinsa hira ce tsakanin ƙafar hagu da hannu: ƙafa ta danna kuloci, hannu ya zura giya, ƙafa ta saki sannu a hankali har ta ji inda motar ta kama. A wannan ɗan wurin, in ji shi, ake gane direba da ɗan kallo. Da kansa ya koya wa 'ya'yansa uku tuƙi a cikin motarsa, kuma kowannensu sai da ya yi kuka kafin ya iya.

Daga sabon takalmi abin ya faro. Ya saya ne don ranar da Auta za ta karɓi shaidar gama karatunta, ya ɗan matse shi a ƙafar hagu, wurin ya tashi. Safiyo ya fi shekara goma da ciwon suga, an kuma sha gaya masa kada ya yi wasa da ko ƙwarzane ne a ƙafa. Amma mutumin da zai ji ƙarar noti ɗaya a cikin inji bai ji komai a tafin ƙafarsa ba, don ciwon ya riga ya kashe masa jin wurin. Ya manna auduga ya mayar da safa. Da Malama ta gano, daga safar da ta zo wankewa ta gano, lokacin kuwa wurin ya riga ya yi baƙi.

An fara cire ɗan yatsa, aka ce a jira a gani. Aka sake shiga da shi. A karo na uku likitan ya jawo kujera ya zauna kusa da gadon, Safiyo kuwa da ya ga likita ya zauna ya san ba alheri. Daga ƙasan gwiwa za a yanke, in ana son a tsira da sauran. Malama ta yi ta tambayoyi, Auta ta riƙe ƙarfen gadon tana kallon bango. Shi tambaya ɗaya ce ta zo masa, ita ce da me zai taka kuloci, sai kunya ta kama shi ya haɗiye ta, ya ce Allah ya sa hakan ne mafi alheri.

Mako biyar ya yi a asibiti. Ya dawo gida da sanduna biyu, bayan wata huɗu aka haɗa masa ƙafar roba. Akwai wata ma'aikaciya a asibitin, Sista suke kiranta, ita ke koya masa tafiya duk ranar Talata tsakanin wasu dogayen ƙarafa biyu. Ta ce masa ƙafar ba za ta saba da shi ba sai ya saba da ita, ya riƙa yin taku ɗari biyu kullum, ko a tsakar gida ne. Yakan ce to. In ya dawo kuwa, daga gado zuwa kujerar falo, daga kujerar falo zuwa gado, nan awonsa ya tsaya. Mutumin da ya ratsa dazuzzuka da ƙafa ya koma sai an yi da gaske yake leƙa ƙofar gida.

Motar na nan cikin rumfarta an lulluɓe ta. Duk Asabar Auta kan yaye murfin ta tayar da ita na minti goma don kada batir ya mutu. Daga ɗaki yake jin ƙugin, sai ya ƙara muryar rediyo. Sau ɗaya kawai ya yi magana, ya aika Malama ta gaya mata ta daina taka totur inji bai yi zafi ba.

Wata Laraba da hantsi, Malama na makaranta, Auta na wurin aiki, ya ɗauki makulli daga kan ƙusar da yake rataye. Ya daɗe kafin ya kai rumfar, ya kuma daɗe kafin ya janye murfin da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da sanda. Da ya zauna a ciki, ƙamshin tsohuwar fata ya doke shi, kujerar ta karɓe shi daidai inda ta saba, sai ya ji kamar ba abin da ya faru a watannin nan. Ya ɗaga ƙafar robar da hannu ya ɗora ta a kan kuloci, ya danna da ƙarfin cinya. Ta danna. Ya murɗa makulli, inji ya amsa tashi ɗaya. Ya zura giya ta ɗaya. Nufinsa kawai ya matsa da ita taku uku zuwa bakin ƙofa ya dawo.

Ya fara saki, yana jiran wurin nan da motar ke kamawa, wurin da ƙafarsa ta sani fiye da yadda ta san hanyar ɗakinsa. Bai ji komai ba. Roba ba ta da labarin da za ta ba shi. Kafin ya ankara takalmin ya zame, motar ta yi tsalle kamar an tsikare ta, ta daki ginshiƙin ƙofa, inji ya mutu. Ya ji zubar gilashi a kan siminti. Fitilar dama ce, ta asali, wadda ya kare shekara goma sha takwas daga 'yan babur da duwatsun hanya.

Ya so fita, ƙafar robar ta maƙale a ƙarƙashin kuloci, sandarsa kuma ta faɗi can ƙasan kujerar baya. Zai iya kiran maƙwabta, ga waya a aljihunsa, amma bai kira ba. Awa biyu ya yi a zaune hannunsa a kan sitiyari, har Malama ta dawo. Ta tsaya ta dubi ginshiƙin, ta dubi fitilar, ta dube shi. Ta ajiye jakarta da littattafan 'yan ajinta a kan bonet, abin da a da ba ta isa ta yi ba, ta durƙusa ta zaro masa ƙafar, ta kai shi falo, ta dawo ta share gilashin. Yana jin ƙarar tsintsiyar daga ciki. Da ta shigo ya ce mata a kira Dogo ya nemo mai saye.

Washegari Dogo ya zo. Ya zagaya motar sau biyu, ya shafa wurin da ya lotsa, sannan ya shigo ya zauna ya sha shayinsa har ƙasa kafin ya ce shi makanike ne, ba dillali ba. Ya ce amma akwai wata magana. A filin da ake jibge matattun motoci a bayan gari ya ga irinta sak, shekararsu ɗaya, injinsu ɗaya, babbar mota ta murƙushe mata baya amma gabanta lafiya lau. Fitilarta ma na nan. Sai dai ita waccan otomatik ce, daga kamfani haka ta fito. In aka ciro giyarta da wayoyinta da kwamfutarta aka dasa wa wannan, ƙafar dama kaɗai ta isa.

"Ka ga ba kayan kasuwa zan kawo maka ba," in ji Dogo. "Uwarsu ɗaya ubansu ɗaya."

"Ka mayar min da ita keken guragu ke nan."

"To ai keken guragun ma tafiya yake yi. Ita wannan da take cikakkiya, ina ta je tun bara?"

Safiyo ya haɗe rai ya ce gara ya sayar da ita da mutuncinta. Dogo ya ce shi ke nan, tunda haka ne zai yi dillancin.

Ranar Lahadi ya kawo mai saye, wani mutum ɗan shekara talatin da wani abu, mai shagon sayar da wayoyi. Mutum ne mai ladabi, har ƙasa ya gaishe da Safiyo, kuma da gani ka san son motar yake yi da gaske. Ya san shekarar da aka ƙera ta, ya san ƙarfin injinta, da aka tayar da ita har lumshe ido ya yi. Zuciyar Safiyo ta fara kwanciya, sai ya tambaye shi me zai fara yi mata. Nan mutumin ya saki baki cikin murna. Zai yanke mata ƙafa ta ƙara kwantawa ƙasa, ya sa manyan tayoyi, ya cire salansar ya sa mai tsawa wadda za a ji daga layi uku. Kujerun baya nauyi ne kawai, za su fita. Katakon gaban ya tsufa, zai rufe shi da baƙar roba. Launi kuma yana tsakanin rawaya da ruwan lemo, bai yanke ba tukuna. Safiyo ya saurare shi har ƙarshe, ya yi masa godiya, ya ce zai yi shawara. Da suka juya za su fita ya lura Dogo na ƙoƙarin kallon ko'ina ban da wajensa, sai ya gane ba banza ba aka zaɓo masa wannan mai sayen daga cikin duk mutanen garin.

Da yamma suna zaune a tsakar gida, Malama na duba aikin 'yan ajinta da jan biro. Ya yi ta mita shi kaɗai, yana cewa mutanen yanzu ba su san darajar abu ba, in ka canza wa abu asalinsa ai ka kashe shi, sai dai sunan. Ta bar shi ya kai aya. Ba ta ɗago daga littafin ba ta ce:

"Baban Auta, ni da aka dawo min da kai da ƙafar kanti, ka ji na ce a nemo mai saye?"

Ta ci gaba da cewa ita ba motar ce ta dame ta ba, ko a sayar ko a bar wa kaji su yi ƙwai a ciki duk ɗaya ne a wurinta. Abin da ya dame ta shi ne wata tara ke nan ba ta ji ya yi faɗa da kowa da zuciya ɗaya ba, sai ranar da Dogo ya zo. Ta ce mutumin da ta aura mai jayayya ne, wannan mai cewa to ga komai ba ta san shi ba, kuma ba ta jin daɗin zama da shi. Ta mayar da kanta kan littafin, ta ja wa wani yaro layi a ƙarƙashin lissafinsa.

Kwana uku bai ta da maganar ba. A na huɗu ya kira Dogo ya ce ya yarda, da sharaɗi biyu: ba a kwance ko noti ɗaya ba ya wurin, kuma duk abin da aka cire a wanke shi a shafa masa mai a adana, ko da wata rana. Dogo bai tambaye shi wace rana ba.

Dogo ya ce aikin mako uku ne. Mako bakwai ya ci. Kullum da safe Auta kan sauke mahaifinta a gareji kafin ta wuce aiki, an ajiye masa wata tsohuwar kujerar bas a inuwar bango, daga nan yake mulki. Garejin rumfa ce ta kwano mai rami a tsakiya, ƙasan ya sha baƙin mai har ya yi sulɓi, safanu na rataye a jikin allo kowanne da zanen siffarsa. A makon farko daga kujerar yake ba da umarni. A na biyu ya ga ba ya hango abin da Dogo ke yi a cikin rami, sai ya fara tasowa yana dogara sanda zuwa bakin ramin, ya koma, ya sake tasowa. Ba wanda ya ce masa komai a kan haka.

Ranar da aka sauke tsohuwar giyar da sarƙa, Safiyo ya sa hannu ya shafa ta, har yanzu ba ta da ko tsaga. Ranar da aka kwance kuloci kuwa ya ce zai ɗan zagaya, bai dawo ba sai da aka gama. Matsaloli suka yi ta fitowa ɗaya bayan ɗaya. Farfela, dogon ƙarfen da ke kai ƙarfin inji zuwa tayoyin baya, ta waccan motar ta lanƙwashe a hatsarin, ta wannan kuma tsawonta bai dace da sabuwar giyar ba, sai da aka yi kwana tara ana nema. Aka zo ga bututun da ke sanyaya man giya, shi ma babu. Suka yi faɗa a kan wani ƙarfen da Dogo ya so ya yi wa walda, Safiyo ya ce sai dai a huda a ɗaura da noti, har Dogo ya jefar da safana ya ce ya zo ya shiga ramin da kansa. Da Safiyo ya ba Malama labari da yamma, yana huci, sai ya ga tana murmushi, ya ƙara jin haushi.

Aka gama haɗawa, Dogo ya fita gwaji ya dawo fuska ba walwala. Motar na tashi, tana tafiya, amma ta ƙi wuce giya ta biyu, inji na ta ihu ita kuwa tana rarrafe. Kwana huɗu yana bin wayoyi, ya kira wani abokinsa mai aikin wayar mota, shi ma ya yi yini guda ya ɗaga hannu. Dogo ya fara cewa wataƙila kwamfutar ce ta bugu a hatsarin, in kuwa haka ne samun wata sai an tona.

Auta ce ta samo zanen wayoyin motar a intanet, ta buga shi a manyan takardu shida ta kawo. Dogo ya duba ya ce shi da hannu yake aiki, wannan tarkacen layukan kamar an zubar da zare ne a ƙasa. Safiyo ya karɓa ya sa tabarau. Ya ɗan jima yana kallo, sai ya sa aka jawo masa tebur, ya jera takardun gefe da gefe yadda layin da ya fita daga wannan zai shiga waccan, ya danne kusurwoyin da notuna. Ai wannan taswira ce, in ji shi. Ga hanyoyi, ga mahaɗa, ga gada inda wata ta haye wata ba su haɗu ba. Ya nemi fensir. Yini biyu ya yi yana bin kowace waya daga inda ta taso zuwa inda ta sauka, yana kiran launinta, Dogo na kwance a ƙarƙashin sitiyari yana amsawa. Da la'asar ɗin rana ta biyu ya kira ruwan ƙasa mai ratsin fari, rami na goma sha ɗaya a soket ɗin kwamfutar. Dogo ya duba, ya ce tana na goma sha biyu. Wayar da ke gaya wa giya saurin da motar ke yi ce, ta sauka gidan maƙwabci, shi ya sa giyar take zaton har yanzu ba a bar ƙofar gida ba.

Dogo ya fito yana goge hannu, ya ce laifin wanda ya yi ramukan ƙanana ne. Safiyo ya ce ƙwarai kuwa, da masu idon da ya tsufa.

Bayan an gyara wayar, Safiyo ne ya fara fita da ita, Dogo na gefensa. Ya ja hannun giyar zuwa inda aka nuna masa, ya ɗaga ƙafa daga birki, motar ta fara tafiya da kanta. A mahaɗar farko cinyarsa ta hagu ta ɗaga ta danna wurin da ba komai, hannunsa ya kai wa giya cafka, Dogo ya buge hannun. Haka aka yi sau uku kafin su kai babban titi. A can ya taka totur sosai. Motar ta ɗan yi jim kamar mai tunani, sannan ta sauke giya ta zabura, ƙugin nan ya cika ciki, kujera ta tokare masa baya. Haka ya yi ta tafiya har suka wuce gada suka juyo.

Da suka tsaya Dogo ya tambaye shi yaya ya ji.

"Ba ita ba ce," in ji Safiyo. "Kafin ta yi abu sai ta yi shawara, da kuwa ni nake yi mata. Ta yi nauyi wajen tashi."

"To a mayar da ta da?"

Safiyo ya dube shi ta saman tabarau, ya ce ya sauka masa daga mota yana da wurin zuwa.

Makarantar su Malama ya nufa. Ya isa ana tashi, ya tsaya nesa kaɗan da ƙofa. Ta fito da jakarta tana neman abin hawa, ta wuce shi har taku biyar kafin ta tsaya ta waiwayo. Ta buɗe ta shiga, ta ɗora littattafan a cinya, ta ce ya yi a hankali akwai yara a hanya. A haka suka tafi, sai can wajen kasuwa ya ga tana share ido da gefen mayafinta, ta ce iskar taga ce.

Talatar da ta biyo baya shi ya kai kansa asibiti. Mai gadi ya ga sanda a gefensa, ya nuna masa wurin da aka keɓe wa masu lalura, daf da ƙofar shiga. Safiyo ya duba wurin: motoci a matse dama da hagu, kowa na buɗe ƙofa yadda ya ga dama, sama kuma ga bishiya cike da tsuntsaye, ƙasan duk ya yi fari da aikinsu. Ya gode wa mai gadin, ya wuce can ƙarshen filin kusa da katanga inda ba kowa, ya gyara wa motar tsayuwa sau biyu. Sannan ya fito ya kama hanya cikin rana, sanda a dama, yana tsayawa yana hutawa. Da ya isa ɗakin gwajin rigarsa ta jiƙe sharkaf, ya makara da minti goma sha biyar.

Sista ta fara yi masa faɗan makara, sai ta ga yadda yake haki, ta tambaye shi daga ina haka. Ya kai ta bakin taga ya nuna mata wani ɗigo mai ruwan toka can jikin katanga. Ta ce daga can ya tako? Ya ce taku ɗari uku da goma sha huɗu ne, ya ƙirga, kuma filin nasu ba daidai yake ba, ya gangara ta yamma, duk wanda ya yi musu awo ya cuce su. Ta miƙa masa ruwa a kofi, ta ce ya zauna ya huce tukuna, yau ba sai ya shiga tsakanin ƙarafan ba; ya tanadi ƙarfinsa, tunda akwai komawa.